Ta'aziyyar Raƙuma, Jakar da Aka Ce Ɓera Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a buɗe, maharbi Toktosun na ƙauyen Kara-Bulak, a madadin kafaɗunsa da gadon bayansa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jakarsa ta farauta, wadda kowa ya fi sani da Raƙuma. Rai ya yi halinsa a ɗakin ajiyar sirdi, ana gab da shiga farautar kaka, bayan gajeruwar rashin lafiya da babu wanda ya ga farkonta. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗoriya. Mai makoki bai ce da hannun kowa ba. Ya dai ce a faɗi yadda abin ya faru, mai hankali ya auna.

Marigayiya 'yar tamfol ce ta asali, mai maratayan fata, wadda Toktosun ya dawo da ita daga aikin soja tun gashinsa yana baƙi. Ko babu komai a cikinta sai mutum ya yi bisimilla kafin ya ɗaga ta, in ta sha ruwan sama kuwa ba a magana. Ba ta taɓa ɓoye wannan hali nata ba. Amma ba a taɓa ba ta kaya ta ce sun yi yawa ba. Cinyoyin bunsurun dutse, da haƙarƙari, da bargo, da butar shayi, duk sai ta haɗiye, ƙaho ya leƙo ta sama. In suna hawa takan ce ƙiƙir, ƙiƙir. In suna saukowa da nama, ƙarfen ɗamararta ya riƙa dukan buta, ƙwal, ƙwal, tun daga mashigin dutse ake jiyowa. In an dire ta a ƙofar gida ta ce tim, ta yi shiru. Iyakar maganarta ke nan a duniya.

Wannan ƙwal-ƙwal ya ciyar da rabin ƙauye. Da an ji shi sai kowa ya tuna yana da aiki a bakin hanya. "Shiralga, maharbi!" Wato a ba su rabon farauta, bisa al'ada. Toktosun ya durƙusa, ya kwance bakin Raƙuma, ya yanka wa kowa rabonsa, don maharbi ba ya wuce wanda ya ce shiralga. Sau da yawa abin da ke isa gida bai wuce wuya da ƙashi ba, matarsa Burul ta yi ta faɗa, shi kuwa ya kwana da farin ciki. Wanda nama ke bayansa shi ake roƙa, shi ake sa wa albarka, shi ake zaunarwa a saman shimfiɗa a gidan biki. Toktosun ba shi da garke, ba shi da mota. Wannan yake da shi.

Game da ciwon ajali, iyali sun ce ɓera ne. Mai makoki yana girmama ra'ayin iyalinsa. Sai dai tun bazara, da likitan garin Narin ya taɓa gwiwoyin Toktosun ya girgiza kai, gidan ya cika da ƙus-ƙus mai ɗaukewa da zarar ya shigo. Ranar da ya je shafa wa maratayan kitse, sai ya tarar an datse su duka biyu, a wuri ɗaya, babu ko zare da ya tashi. Gindin jakar kuma an farke shi da wani lanƙwasasshen yanka mai kyau, irin na ƙahon rago. Duk kwarin nan mutum ɗaya ce ke da wannan yanka in tana fitar da zanen dardumar gashi, kuma ita ce ke zuba masa shayi.

"Burul, ɓeran nan ya yi makaranta," in ji shi.

"Tsoho, ɓera ɓera ne. Sha shayinka kafin ya huce."

An garzaya da marar lafiya wurin Saginbek baduku, wanda ya sha ceto ta daga abin da ya fi wannan. Ko basilla bai ɗauka ba. "Yaya Toktosun, sai haƙuri. Ko wanda ya ɗinka ta ne ya dawo duniya, ba zai iya ba." Ya faɗi haka yana kallon rufin ɗaki. Mai makoki ya lura, ba don yana nema ba, cewa a ƙarƙashin sirdin dokin Saginbek akwai sabuwar shimfiɗar gashi, kuma ya gane hannun da ya yanka ta.

Gawa ba ta gama sanyi ba sai ga Esentur, ɗan Toktosun, daga birnin Bishkek, da magada uku, sababbin jakunkuna, a bayan mota, wai aboki ne mai shago ya ba shi aro a zaɓi ɗaya. A ƙauyen da waya ba ta kamawa sai an hau tudu, labarin nan ya yi saurin da ya kamata a yaba masa.

Toktosun ya karɓi baƙin da mutunci, ya kuma bincike su yadda ake binciken dokin da mai shi ya cika yabonsa. Ta farko ja ce wur, tana ƙaras-ƙaras kamar ledar burodi. Bunsurun da bai gan ta ba zai ji ta daga ƙetaren kwari. Ta biyu duk jikinta zif ne da aljihu, shi kuwa ya san abin da zif ke yi in ƙanƙara ta shiga haƙoransa, yatsun mutum kuma sun sandare. Ta ukun ce ta ba shi haushi, don ya rasa aibinta. Ruwan toka ce, ba ta da surutu, da yatsa biyu ake ɗaga ta. Da ya goya ta sai nauyin ya sauka a ƙugu, kafaɗunsa suka sha iska. Ya zaga tsakar gida da ita, ya ji daɗi, ya kuma ji kunyar jin daɗin, ga marigayiya a kwance ba a ko rufe ta ba.

Sai ya buɗe cikinta. Gorar shayi za ta shiga, da riga, da madubin hange, da burodi. Akwai wani ɗan aljihu da Esentur ya ce ya dace da magani.

"To cinya fa? Ina za ta zauna?"

"Baba, ai naman ni zan riƙa ɗaukowa. Kai ka yi harbinka kawai."

Burul ta sunkuyar da kai kan buta. Nan Toktosun ya daina fushi, tsoro ya maye gurbin. Ya hango kansa yana saukowa daga mashigi, jaka shafal a baya, mutane sun fito bakin hanya suna cewa shiralga, idonsu a kan Esentur, shi kuma ana yi masa sannu da hanya. Ya san ƙauna ce ta sa suka yi. Sanin bai rage masa komai ba.

Marigayiya ta rasu ta bar butar shayi ɗaya mai lotsattsen ciki, da wuƙar fiɗa, da igiyar gashin doki, da kanta biyu a kafaɗun mai ita, da kuma kyanwar gidan, wadda aka ɓata wa suna a banza wai ta kasa kama ɓera. Ta bar masu cin shiralga da dama, waɗanda har yanzu ba a ga ƙeyarsu a wurin gaisuwa ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi. Ba za a yanka doki kamar yadda ake yi a makokin manya ba, amma Burul za ta soya borsok, fanken makoki, kuma ana roƙon ta yi amfani da hannu kawai, ta bar almakashi ya huta. Saginbek zai iya zuwa, a ƙasa, ba a kan sabuwar shimfiɗar dokinsa ba. Daga nan mai makoki zai ɗaure gawar da igiya, ya zuba mata duwatsu daidai nauyin bunsuru, don ba ta saba tafiya da yunwa ba, ya goya ta da kansa har mashigin dutse, inda za a tara mata duwatsu a kai. In ya isa bai zauna ba, a mayar da magada uku Bishkek a nemo jaka mai ɗaukar nama, maganar ta mutu. In ya zauna a hanya, zai goya mai ruwan tokan, ba zai sake tambayar kowa labarin ɓera ba.

Ba a buƙatar 'yan rakiya, kuma duk wanda ya ce "kawo in taya ka" ba shi ba shiralga har abada. Esentur kaɗai aka yarda ya biyo baya da doki. Ya tsaya nesa, inda uban ba zai gan shi ba ko ya waiwaya. Amma kada ya yi nisan da ba zai ji kira ba.