Kwanson da Ya Fi Kowane Ƙyalli

Laifina ɗaya ne: na zaɓi kwanson harsashi kamar mai zaɓen kwanon kayan ɗaki.

Kawu Ɗanjuma, maharbin garinmu Dodoru, yana da bindigar da aka ƙera masa daidai kafaɗarsa, kuma shi yake ɗura harsashinta da hannunsa. Ranar kasuwar Kalgo ya aike ni sayen kwansaye, da alƙawarin in na yi abin kirki zan bi shi da abokansa farautar gadun da ya addabi rogonmu. Na tafi ina taku kamar ni na koya wa zaki farauta. Na ture duk masu duhu, na kwashi masu walƙiyar da har haƙorana nake gani a jikinsu.

Na zube su gaban Kawu da abokansa, ina jiran kirari. Bai ko dubi ƙyallin ba. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙyasta da farce kusa da kunnensa. Maimakon ƙara, sai ya ji "ƙwaf".

"Kai, ɗan nema! Wanga tsagagge ne, goge shi ankai da toka. Da na ɗura shi, da ido guda zan riƙa hararar ka."

Har yau ina gode wa Allah da kunnen Kawu.

Farauta dai ban je ba. Inna ta mayar da kwansayen tandun kwalli, kuma daga Dodoru har Gwandu sunana Ango Mai Ƙyalli.