Mai Gida a Ƙarƙashin Tamfol

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ruwa ya cinye tsibiran wajen Warra ba, saboda wani wa'azi da na yi a ƙofar gidan mutane ba tare da kowa ya gayyace ni ba.

An ce za a gina ɗakunan gaggawa a kan tudu, amma sai ga wanda aka tabbatar ba shi da rufin kansa. Aka sa ni cikin masu tantancewa, wai ni malamin makaranta ne, na saba kama masu satar amsa. (Na ji daɗin wannan shaida fiye da kima.) Aikina in ga mai nema da idona, in kuma tambayi maƙwabta.

Na taso daga Yelwa a babur, na sauka wani ƙauye ina neman Malam Isiyaku, masuncin da ya ce ruwa ya tafi da gidansa har da komarsa. Aka nuna mini gida. Gida fa! Kwano na ƙyalli, daɓen siminti, ga Isiyaku a bakin zaure yana jan carbi, 'ya'yansa na shige da fice. Can bayan katanga, a gindin mangwaro, wani manomi mai suna Bitrus da matarsa da tsohuwarsa sun kafa tamfol, tukwane a waje, kaji na tsallake tabarma.

Na ce madalla, ga maƙwabci. Na kira shi, a gaban Isiyaku na tambaye shi, "Gidan nan na wa ne?"

Ya dubi Isiyaku, ya dubi ƙasa. "Gidanai na, Malam."

"Malam Isiyaku, ka ji? Ya ce gidanka ne."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Carbin dai ya tsaya.

Nan na gyara murya irin ta taron ɗalibai da safe. Na yi magana a kan amana, na yi a kan haƙƙin mabuƙata, na jawo aya, na ƙara da karin magana. (Har da Turanci kaɗan, don mutanen da suka taru su san ba da wasa na zo ba.) Na rufe da hukunci: Isiyaku bai cancanta ba. Na nuna Bitrus na ce, "Ga bawan Allah yana kwana da kaji bai roƙi kowa ba. Shi zan ba ɗakin!"

Matar Bitrus ta saki ludayi, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Tsohuwar ta tako da ƙwaryar kunu ta miƙo mini.

"Ɗana, sha ka jiƙa maƙoshi, ka yi aiki. Wa ka ce za ka ba ɗaki?"

"Ɗanki, Inna."

"To, Allah shi yi albarka. Ɗaga kanka."

Na ɗaga. A saman ƙofar da na tsaya ina wa'azi, ga ɗan gicciyen katako an kafe da ƙusa.

Bitrus ya ja ni gefe, kamar shi ne mai laifin. Ashe tun iyayensu aminai ne: kifi ya hau tudu, gero ya gangara gulbi. Da ruwa ya zo, shi ya kwashe iyalinsa ya bar wa Isiyaku gidan. "Malam," ya ce, "wanda ruwa ya tsiraita ba a ce mai baƙo gabanai. In na ce nawa na, gobe sai ya kwashe ɗiyanai ya koma bakin ruwa." Shi kuwa Isiyaku ya gwammace ya rasa ɗakin da ya ƙaryata amininsa a bainar jama'a.

Na koma zaure da ƙwarya a hannu, hulata ta yi mini nauyi. Na ba shi haƙuri.

"Ba komai, Malam," in ji Isiyaku. "Wa'azin ya yi kyau. Hanya dai ya ɓata."

Ya sami ɗakinsa a tudu, Bitrus ya naɗe tamfol. Ni kuma na koyi cewa ba a tambayar maƙwabci a gaban mai nema, kuma in ka ga mutum yana kwana da kaji, kada ka yi gaggawar tausaya masa. Wataƙila shi ne attajirin garin.