Kwamfutar da Ta Cinye Mana Wasan Ƙarshe

Lokacin gasar kofin duniya na tsinci tsohuwar kwamfuta a unguwar Al Asmakh, irin wadda babana yake jona wa talabijin muna yara. Ranar wasan ƙarshe abokai suka cika falona, na rantse sai sun ganta.

"Injiniya, ka duba ƙarfin wutarta kuwa?" in ji Dakta Sani.

"Ni za ka koya wa lantarki?" Na jona.

Sai ƙara, sai hayaƙi, talabijin ya mutu, saura minti biyar a take wasa. Mu tara muka kalli wasan a wayar Dakta, ana ta hararata.

Har yau in na shiga gidan wani, sai ya tare soket: "Khalas, ya isa haka, Injiniya, zauna kawai."