Awon Yatsa

Surukata Hajiya tana gidanmu a unguwar Ƙurban ta Madina, ta zo ziyara, ranar da autanta Kabiru ya kira bayan Asuba. Ya ce ga shi zai hau jirgi daga Houston zuwa tsibirin Kirit na Girka, taron likitoci.

"Injiniya, yaushe zai sauka?" in ji Hajiya.

Na gyara zama, na buɗe taswira a waya. Na ɗora yatsa tsakanin Madina da Kano, ya cika. Na matse taswirar har Amurka ta shigo, na sake ɗorawa tsakanin Houston da Kirit, ya cika daidai. Ban tuna na ƙanƙance duniya ba.

"Tafiyar Kano ce, Hajiya. Kafin Azahar ya sauka."

Azahar ta wuce, wayarsa a kashe. La'asar ta yi, Hajiya ta ture abinci, ta rungumi carbi. Matata ta kira Kano, Kano ta kira Kaduna. Kafin Magariba maƙwabta sun cika falo, ana ta "khair in sha Allah" cikin muryar ta'aziyya. Duk wanda ya ce ƙila da nisa, sai Hajiya ta ce, "Injiniya ne fa ya auna!" Ni kuwa gumi har cikin safa.

Bayan Isha Kabiru ya kira. Ko tsibirin bai kai ba, wani jirgin yake jira.

Har yau in na ce zan leƙa titin Sultana nan kusa in dawo yanzu, sai Hajiya, da ta koma gida, ta ɗaga yatsa a kiran bidiyo: "Da wannan ka auna? To ku zuba masa guzuri."