Yadda Za Ka Kai Kare Asibiti da Ƙafa Huɗu Ka Dawo da Shi da Uku

Matso kusa, ɗana. In karenka ya ji ciwo kana neman wahalar da za ka ba jikoki labari, to ka zo inda ya dace. Ban yi boko ba, amma wannan karatun a kan autana mai walda da karensa Kunnuwa na haddace shi. Ka bi matakan nan yadda na jera su. In bai yi maka aiki ba, ka ce ba ni na faɗa ba.

1. Ka yi hanzari

Kada ka jira ƙafar ta kumbura, don in ta kumbura kowa zai gani, aikin ya lalace ke nan. Ranar da ƙyauren ƙarfe ya zame daga jikin bango a shagon auta ya danne wa Kunnuwa ƙafar baya, ko wutar waldar bai tsaya kashewa ba, maƙwabcinsa ne ya kashe. Ya rungumi kare a ƙirji ya tare tasi, ƙato da furfura a gemu, yana cewa "sannu, sannu". 'Ya'yansa na cikinsa ban taɓa ganin ya ɗauka haka ba. Ina lissafe da wannan ma.

2. Ka amsa tambayoyi cikin ladabi

A bakin ƙofar asibitin akwai wata baiwar Allah da farce kamar na shaho. Kare na kuka, ita tana tambaya.

"Ranar haihuwarsa?"

"A bayan shago na tsince shi," in ji auta.

"Wane iri ne?"

"Kare ne, 'yar'uwa."

"Yana da damuwa a rayuwarsa?"

"Ƙyaure ne ya faɗo masa."

Ta ce ya zauna. Kai ma ka zauna. Akwai wata kyanwa a gabanka da aka kawo yankan farce, kuma ita ta yi alƙawari tun tuni.

3. Ka bar kare ya kunyata ka

Nan ne zuciyar aikin. Kunnuwa, wanda tun daga shago bai yarda ƙafar ta taɓa ƙasa ba, yana shaƙar warin maganin ɗakin likita, yana hango farar riga, sai tsoro ya miƙar da shi tsaf. Ya taka ƙafa huɗu daga tebur zuwa ƙofa kamar soja.

"Ina ɗingishin?" in ji likita.

"Wallahi yanzun nan yake yi, Likita."

"To ni ban gani ba. Maigida, anya ba kai ne ke bukatar hutu ba?"

Kada ka ce ya taɓa ƙafar, rashin kunya ne koya wa likita aikinsa. Bar shi ya buɗe bakin karen, ya girgiza kai, ya ce haƙoran nan sun yi datti. Auta ya fito da buroshi da man goge baki mai ɗanɗanon kaza. Suna tsallake ƙofa Kunnuwa ya ɗage ƙafa ya hau kuka.

4. Ka nemo shaida

Za a ce ka ɗauko ɗingishin a waya. Madalla. Sai dai kare da ya ga ka tsugunna kana nuna shi da abu, zama zai yi ya zuba maka ido. Auta ya laɓe bayan labule, ya laɓe bayan firji, ya kwanta rubda ciki a ƙarƙashin teburin cin abinci, matarsa tana tsallake shi da tire tana cewa, "Inna, ki ga ɗanki." Aiki ya taru a shago, masu ƙyamare suna ta kira. Da ƙyar ya samu ya ɗauki hoton. Likita ya duba ya ce hoton ya yi duhu, kuma wa ya sani ko wani karen ne.

5. Ka nemi hoton ƙashi

Injin ya lalace. In ka koma an gyara, mai injin ya tafi hutu. In mai injin ya dawo, likita yana taro kan jin daɗin dabbobi. Duk zuwa kada ka fito hannu wofi: ka karɓi maganin tsutsa, ka karɓi sabulun ƙuma, ka karɓi wani abu kamar mazurari a ɗaura wa karen a wuya don kada ya lashi inda aka ce lafiya lau yake. Haƙuri ibada ne, musamman in ba ƙafarka ba ce.

6. Ka taho da tsohuwarka

Ni ba son karnuka nake ba, kowa ya sani. Amma ranar da santsi ya kwashe ni a banɗaki, gida ba kowa, Kunnuwa ne ya yi ta haushi har maƙwabciya ta ɓalle ƙofa. Ba na kwana da alherin wani a wuyana, ko na kare ne. Da na ga ya daina cin abinci, ƙafar ta zama kamar taɓarya, tana wari, auta ya zauna kusa da shi ya kasa ko kallona, sai na ɗauki sandata na ce mu je.

"Mama, kina da alƙawari?" in ji mai farce.

"Da shi nake da alƙawari," na nuna karen, na wuce.

A ranar Kunnuwa bai iya yin soja ba. Ya ga farar riga, ya yunƙura, ya faɗi. Kuma ka ji ikon Allah, a ranar inji yana aiki, mai inji yana nan.

7. Ka karɓi laifinka

Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo. Ƙashi ya tsage tun ranar farko, ciwo ya ci ciki, ba abin da ya rage sai a cire. Sannan ya sauke tabarau ya dubi auta.

"Haba maigida. Me ya sa ba ka kawo shi da wuri ba?"

Auta ya sunkuyar da kai. Sai ya ce, "Ka yi haƙuri, Likita." Haka ake so. Kai ma ka ba da haƙuri, ka gode, ka riƙe masa ƙofa.

An yi aikin, kuma gaskiya ɗinkin ya yi kyau, ba na cin haƙƙin kowa. Ranar cire zare Kunnuwa ya shigo yana tsalle a ƙafa uku, auta na biye da shi. Likita ya tsaya ya kalle shi daga ƙofa har tebur, ya gyaɗa kai.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu kam na ga ɗingishin."

Jan kunne

Wanda ya bi shawarar nan karensa ya ragu, kada ya doso ƙofata. Ban san shi ba, ban aike shi ba, ba ni na saya masa kare ba. Kuma ba zai ma same ni a gida ba. Ina bin wani likita ƙafa guda, ta baya, ta hagu. Kullum aka buɗe asibiti ina kan benci da sandata, duk wanda ya shigo da dabba in tambaye shi ƙafa nawa ya kawo, in ce ya ƙirga da kyau. Mai farce ta ce za su kira 'yan sanda. Na ce su kira, amma sai sun yi alƙawari.