Rasuwar Katangar da Koci Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, tsohuwar gidan ƙarshen layi tana sanar da rasuwar katangar gidanta, wadda ta faɗi ranar Talata da la'asar bayan doguwar jinya.

Marigayiyar mai rufin asiri ce. Maigidan ne ya gina ta da hannunsa kafin ya kwanta dama, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa barin idon mai wucewa ya ga abin da ke cikin tukunya ba.

Ciwonta ya fara ne ranar da wani mai kiran kansa koci, mai tumbi kamar randa, ya jera 'ya'yan mutane a gabanta suna dukanta da ƙwallo, wai yana koya musu fasin. Wai a buga da cikin ƙafa, ba da ɗan yatsa ba. Wai ƙafar da aka tsaya a kanta ta kalli inda ƙwallo za ta. Wai a buɗe kafaɗa kafin a karɓa. Mutumin da rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun yana saurayi, shi ke gyara wa wasu tsayuwa! Har yabon katangar yake, wai ba ta taɓa ɓata fasin ba. Nan kam ya faɗi gaskiya: duk taron nan nasa, ita kaɗai ta iya ƙwallo.

Dum. Dum. Dum. Haka ta yi ta nishi safe da yamma. Da ta tsage, tsohuwa ta kamo hannunsa ta nuna masa. Ya yi murna, wai ƙafar yara ta fara nuna. Maganar marigayiyar ta ƙarshe ita ce: rugum!

Ta bar ƙyaure tsaye shi kaɗai, ana kulle shi don kunya kawai. Da igiyar shanya a ƙasa. Da banɗakin da yanzu duk layi ya san launin butarsa. Da tsohuwa mai furfura, wadda ba ta wanka sai surukarta ta tare ta da zane.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Koci ne zai kai gawa bola, a kansa, tumbin ya taya shi. Masu ta'aziyya kada su zo da baki, su zo da bulo da siminti. Ƙwallayen da suka faɗo tsakar gida suna ƙarƙashin gadon tsohuwa, kuma an wasa wuƙa. Duk safiyar da ta waye babu katanga, za a yanka ɗaya a gaban yaran. Da sabuwar ƙwallon za a fara.