Ranar da Katanga Ta Gudu a Layin Dizal

Jiya Laraba, ana idar da sallar asuba na jera a-kori-kurata a layin dizal mai tallafi, ni ne na talatin da ɗaya. Ƙarfe goma da rabi na isa bakin famfo. Matar da ke zuba man ta dube ni, ta rataye tiyo, ta haɗa tafukan hannunta a ƙirji, ta ce, "Ya ƙare, Pak." Haka muke kiran magidanci a nan, Pak, matar aure kuma Bu. A bayan gidan man kuwa wata baƙar mota mai duhun gilashi tana ta haɗiyar jarkoki. Ban tambayi ta wane ne ba. Mutum ne mai ƙishirwa, Allah Ya ƙara masa lafiya.

Amma ba rashin mai ne ya sa na ɗauki biro ba, wannan mun saba. Abin da ya faru a cikin layin ne, tsakanin tara da goma, ya hana ni cin abincin rana.

Wata guda da ya wuce aka aiko mana takardar gayyata, mu direbobin da ke dakon albasa da manoma da 'yan fansho, wai mu zo taron bita a babban otal na garinmu, a koya wa talaka yadda zai yi arziki da wayarsa. Wanda ya shirya taron shi ne Mai Girma Uban Masu Yanka Ribon, mutumin da a shekara huɗu ya buɗe gada guda sau uku. Hotonsa da aka rataya a ƙofa ya fi motata tsawo. Ya yi jawabin awa ɗaya a kan ƙaunar da yake yi mana, har muryarsa na rawa. Daga nan ya ce wani kamfani zai gina mana katafaren rumbun sanyi, albasarmu ta daina ruɓewa da damina, kuma kamfanin yana kasuwar hannun jari, kowa na iya saye. Ya ce shi ba ya ba da shawara, matsayinsa ya hana shi. Ya faɗi sunan kamfanin sau bakwai.

Sai wani malami da aka ɗauko a jirgi daga babban birni ya hau, da kwat da ƙaramar sanda mai jan haske. Ya nuna mana allon da ke cikin manhajar sayen hannun jari ta waya. Kamar tsani yake, kowane mataki farashi ɗaya. Hagu kore, nan masu son saye suke jira. Dama ja, nan masu son sayarwa. Matakin da aka fi zuba kaya, sandarsa ta fi tsawo. Ya haska matakin rupiya ɗari biyu, inda wata koriyar sanda ta miƙe har ta kusa fita daga allon.

"Wannan ita ake kira katanga," in ji shi. "Masu kuɗi ne suka tsaya a nan suna jiran saye. Farashi ba zai iya ratsa ta ya faɗi ba. Ku kwanta ku yi barcinku."

Muka yi tafi. A ranar na zuba kuɗin da nake tarawa na sabbin tayoyi huɗu, a kan ɗari biyu da talatin da shida. Maƙwabcina Pak Ngadiman, tsohon mai gadin makaranta, ya fi ni zuciya. Ya sayar da saniyarsa, kuɗin ya isa kujerar Umara guda, shi kuma biyu yake so, tasa da ta matarsa Bu Lasmi. Ya zuba duka. Da za mu fita Mai Girma ya riƙe hannunsa, ya kira shi "Baba", aka ɗauke su hoto.

Ban gaya wa matata Rukmini ba sai shekaranjiya Talata, da na ga farashin ya fara zamewa. Na same ta a rumfarta ta albasa da barkono, na miƙa mata wayar ina murmushin da ba ni da dalilinsa.

"Kada ki damu, Bu. Ga katanga nan."

Ta goge hannu a zane, ta sa tabarau. Ba ta taɓa ganin allon ba, sai da na yi mata bayanin kore da ja. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ƙaramar lambar da ke gefen sandar fa, Pak?"

"Malamin bai yi maganarta ba."

"Ai shi ya sa nake tambaya."

Na latsa. Ashe adadin waɗanda suka sa buƙatar saye a matakin ne. Uku.

"Mutum uku," ta ce. "Wannan duk tsawon, mutum uku."

"Manya ne."

"Ka tuna mai tukwanen da ya zo kasuwar nan bara? Kullum rumfarsa akwai mutum uku suna rungume da tukwane suna taya farashi da ƙarfi. Mata suka yi ta rububi kada kaya ya ƙare. Sati biyu ina kallonsu, ban taɓa ganin ɗayansu ya ciro kuɗi ba. 'Yan uwan matarsa ne." Ta mayar da yatsa ɓangaren ja. "Nan kuma duba. Wani ya ajiye ɗan tsibi kaɗan. An saye. Ga shi ya sake ajiye irinsa. An saye. Ga wani. Pak, ni ma idan buhunana sun yi yawa ina so in rabu da su, ba na jibge su a kan tebur kowa ya gani. Ƙarƙashi nake ɓoyewa, in riƙa fitowa da kaɗan-kaɗan."

Na ce mata albasa daban, hannun jari daban, malamin nan a jirgi ya zo.

"A jirgi kuma ya koma," ta ce. "Gobe idan farashin ya sauko ɗari biyu da huɗu ka sayar. In katangar ta tsaya, ka zo nan gaban jama'a in ba ka haƙuri."

To ga mu a layi jiya. Pak Ngadiman yana zaune gefena a mota, yakan bi ni dako don zaman gida yana gundurarsa. Ƙarfe tara kasuwa ta buɗe, sai layin ya yi tsit, babu mai hon, babu mai zagin wani. Rabin direbobin nan sun je bitar. Kowa ya duƙufa a kan waya.

Ɗari biyu da sha huɗu. Da goma. Da takwas.

Wayata ta yi ƙara. Rukmini ce. "Kana gani?"

"Ina gani."

"To me kake jira, Pak, Mai Girma ya zo ya yanka ribon?"

Na kashe, na koma manhajar, sabis ya ɗauke. A gidan man nan sabis sai a sama. Ni da shekara hamsin da uku da ciwon gwiwa na taka taya, na taka ƙofa, na haye rufin mota, ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Da na waiga, sai ga direbobi shida a kan rufin motocinsu. Wani ya ƙwala mini, "Pak Dar, katangar tana nan?" Na ce tana nan. Tana nan ɗin kuwa, koriya shar, ko motsi ba ta yi ba. Na tuna idon Rukmini ta saman tabarau, na rufe nawa idon, na sayar a ɗari biyu da huɗu.

Na leƙa Pak Ngadiman ta taga. "Pak Man, kawo wayarka in sayar maka."

Ya rungume ta a ƙirji. "A'a. Mutumin nan ya riƙe hannuna, Dar. Baba ya ce mini. Ba zai bari ba."

"Pak Man, don Allah."

"Ka bar ni."

Ɗari biyu da biyu. Saura mataki ɗaya. Ina kallo da idona, wallahi ko ƙiftawa ban yi ba, koriyar sandar nan ta ɓace. Ba cinye ta aka yi ba, ko hannun jari ɗaya ba ta saya ba. Ɗauke ta aka yi. Ta bayyana a ɗari da casa'in. Farashi ya bi ta, ta sake tashi ta koma ƙasa. Duk inda ya kusa taɓa ta sai ta ja da baya. Kafin goma saura kwata farashin ya kai iyakar da ake barinsa ya faɗi a rana guda, ɓangaren kore ya zama fayau, ba mai saye ko ɗaya, ja kuwa ya cika maƙil da mutanenmu suna neman fita.

Na sauko. Kuɗin taya huɗu ya koma na uku da ɗan canji. Pak Ngadiman yana ta shafa fuskar wayar da babban yatsa kamar ƙura ce ta rufe katangar.

Bu Parmi mai kofi, wadda ke bin layi da fulas, ta miƙo masa kofi ta ƙi karɓar kuɗi. Ta rage murya ta ce surukin Mai Girma ya fi kowa hannun jari a kamfanin, kuma sati uku kenan yana zaune gida da waya biyu. Mutum yana da ikon riƙe waya biyu, hannu biyu Allah Ya ba shi.

Da aka ce mai ya ƙare, da ɗan abin da ya rage a tanki muka nufi ofishin Mai Girma. Hanyar ta bi ta filin rumbun sanyi. Dutsen harsashin yana nan da sunansa da ruwan zinare, awaki biyu suna kiwo a gefe. A ofis muka sami akawu, wani matashi da muke kira Mas Teguh, a bayan taga. Ya ce Mai Girma ya tafi ƙasar waje da tawagar mutum goma sha huɗu, su gano yadda ake sanyaya albasa. Na tambaya wace ƙasa, ya kira wata da ƙanƙara ke zuba wata shida a shekara. Dole a yaba wa wannan hangen nesa. Mu da muka ce firji za a saya, ashe sanyin ne za a je a gani daga tushensa.

"Ni dai so nake a gaya masa Baban nan ya zo," in ji Pak Ngadiman.

"Wane Baba, Pak?"

"Na hoto."

Mas Teguh ya duba takardunsa, ya ce a ranar an ɗauki hoto da mutum tamanin.

A ƙofar gidansa Pak Ngadiman ya riƙe rigata. "Shigo tare da ni, Dar. Ba zan iya ni kaɗai ba." Muka sami Bu Lasmi tana yanka tempe, wainar waken suya. Ya faɗa mata komai a tsaye, bai rage ba, bai ɗora wa kowa ba. Ta ajiye wuƙar. Na zaci za ta yi kuka ko ta ɗaga murya. Sai ta ce, "Don ni ka yi?" Ya gyaɗa kai. Ta ce, "Da ma ban taɓa yarda ka tafi ka bar ni ba, kai ma ba ka yarda in tafi in bar ka ba. To ga mu tare. Zauna ka ci abinci." Ya zauna a kan tabarma, kafaɗunsa suna rawa. Na fita na ba su wuri.

Yau da safe farashin ya sake faɗuwa, har yanzu babu mai saye. Ina taya Rukmini sauke buhu sai ga Mas Teguh da kakinsa na ofis, yana juya albasa ɗaya bayan ɗaya. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya zaro waya.

"Pak Dar, an ce Bu Rukmini ta iya duba abin nan. Ni ma na... albashin wata biyu."

Shekara ashirin ina zuwa tagar ofishinsu, na koyi yaren. Na gyara tsayuwa na ce ana kan nazarin lamarin, ya dawo Litinin da kwafin katin shaida guda uku.

Rukmini ta zungure ni da gwiwar hannu, ta karɓi wayar, ta sa tabarau. Ta duba kore, ta duba ja, ta mayar masa.

"Kilo nawa za a auna maka, Mas? Ita albasa ko farashinta ya faɗi ana miya da ita."

Kilo biyu ya saya. Ya nemi ragi, ta ce matsayinta ya hana ta.